Hujja Kafin Ado: Nazarin Balaga da Insha'in Muhawara a Makarantun Sakandare

Gabatarwa

Daga cikin ire-iren insha'in da ake koya wa ɗaliban Hausa a makarantun sakandare, wato na labari da na siffantawa da na bayani da na wasiƙa da na muhawara, babu wanda ya kai na muhawara ba yara wuya. Abin mamaki kuwa shi ne, yaran nan da ke kasa cika shafi biyu a kan ko makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, su ne waɗanda in an tashi daga makaranta za ka tarar a gindin bishiya suna gardama kan ƙwallon ƙafa har la'asar sakaliya, kowa da hujjarsa a baki. Ashe ke nan ba gardamar ce ba su iya ba. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar yaro ya ɗauki alƙalami sai ya manta akwai wanda yake yi wa magana, ya shiga jera karin magana da manyan kalmomi, yana zaton abin da malam ke nema ke nan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa gyaran wannan matsala yana farawa ne daga karatu, kafin a zo ga rubutu. Sai an koya wa ɗalibi ya feɗe muhawarar wani, ya ga inda aka ɗaure ta da inda ta yi sako-sako, sannan zai iya ɗaure tasa. Wannan feɗewa ita muke kira nazarin balaga.

Balaga da wanda ake yi wa magana

Kalmar balaga daga Larabci muka aro ta, kuma malaman wannan fanni sun taƙaita ma'anarta da cewa ita ce magana ta dace da halin da ake ciki. Sun kasa ta gida uku: ma'ani da bayani da badi'i. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rayu a ƙarni na 11, shi ne ya kafa harsashin biyun farko a littattafansa Dala'ilul I'ijazi da Asrarul Balaga, daga baya Sakkaki, wanda ya rasu a 1229, ya tsara fannin a Miftahul Ulumi. Har yanzu a zaurukan malamanmu ana karanta Jauharul Maknuni na Ahalari da Uƙudul Jumani na Suyuɗi. Don haka fannin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Makarantar boko ce kawai ba ta ba shi kujera ba.

Akwai wani darasi a farkon ilmin ma'ani wanda ya kamata a ce kowane malamin insha'i ya san shi. Malaman sun ce masu sauraron labari iri uku ne: wanda bai san komai game da zancen ba, da mai kokwanto, da mai musu. Kowannensu da irin maganar da ta dace da shi. Na farko sai ka ce masa, “Ruwa ya cinye gada,” ya wadatar. Na biyu sai ka ƙara masa nauyi kaɗan, ka ce, “Lalle ruwa ya cinye gada.” Na uku kuwa ba ya saurarawa sai ka haɗa da rantsuwa. Wanda ya yi wa na farko rantsuwa ya yi ɓarnar magana, har ma ya sa a yi zarginsa. Wanda ya yi wa na uku magana sakaka ya yi aikin banza. To, insha'in muhawara ana rubuta shi ne ga mai kokwanto da mai musu. Bambancinsa da maganar baka shi ne, a kan takarda rantsuwa ba ta da daraja ko ta anini. Mai karatu ba ya ganin fuskarka, ba ya jin muryarka, bai san gidanku ba. Abin da zai tsaya a madadin rantsuwa shi ne hujja.

Girkawa ma sun bi ta wannan hanya tun da daɗewa. Aristotal, wanda ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ana shawo kan mutum ta hanya uku: ta mutuncin mai magana, ta taɓa zuciyar mai sauraro, da ta hujjar da ke cikin maganar kanta. Duk wanda ya taɓa zama inda dattawa ke sulhunta miji da mata ya ga ukun nan suna aiki tare. Dattijon da ya ce, “Ni na yanka ragon sunanki,” mutuncinsa ya ajiye a gaba. Da ya ce, “Ku dubi yaran nan,” zuciya ya nufa. Da ya ce, “Kai ka ce ba ta nemi izni ba, ga shi ƙanenka ya shaida a gabansa ta nema,” nan ne ya zo ga hujja. A insha'in ɗalibi na biyun ne ke yin yawa, na ukun ya yi ƙaranci.

Da'awa da shaida da abin da ya haɗa su

Ba sai an je nesa ba wajen nemo sunayen sassan muhawara, domin ɗakin shari'a ya riga ya ba mu su. Kowane yaro ya san cewa wanda ya kai ƙara gaban alƙali da'awa ya yi, kuma alƙali ba zai ba shi gaskiya don ya iya kuka ba, sai ya kawo shaida. Haka insha'i yake. Da'awa ita ce matsayin da marubuci ya ɗauka, shaida kuma ita ce abin da ya dogara a kai, ko abin da ya faru, ko lissafi, ko maganar masana, ko abin da kowa ke gani da idonsa.

Amma akwai sashe na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, kuma a nan ne yawancin muhawara ke tsayuwa ko ta faɗi. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya ja hankali gare shi a littafin da ya wallafa a 1958. A nan za mu kira shi mahaɗi, wato ƙa'idar da ta halatta a tashi daga shaida a sauka kan da'awa. Alal misali, idan mutum ya ce, “Za a yi ruwa yau, don ga hadari ya haɗo daga gabas,” da'awarsa ita ce za a yi ruwa, shaidarsa hadarin gabas, mahaɗin da bai furta ba kuwa shi ne cewa a ƙasar nan hadarin damina daga gabas yake tasowa, kuma in ya haɗu yakan zubar. Ba a furta shi don kowa ya yarda da shi. Matsala tana zuwa ne in mahaɗin abin musu ne, marubuci kuma ya haɗiye shi, ko don bai lura da shi ba, ko don ya san in ya fito da shi fili ba zai karɓu ba. Babban aikin mai nazarin balaga shi ne ya tono mahaɗin da aka binne, ya ɗora shi a faifai, ya tambaya: shin wannan gaskiya ne?

Misali daga tarihinmu

Don kada zancen ya tsaya a kan hadari da ruwa, bari mu ɗauki muhawarar da aka yi ta a rubuce, kan al'amarin da ya shafi rayukan dubban mutane. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana tambayar dalilin da ya halatta a yaƙi Barno, Muhammadu Bello kuma yana cikin waɗanda suka ba shi amsa. Bello ya kawo wannan musayar wasiƙu a littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Ba aikinmu ba ne a nan mu yanke hukunci tsakanin manyan malaman nan biyu. Wannan na masana tarihi da fiƙihu ne. Abin da ya shafe mu shi ne yadda kowannensu ya gina maganarsa.

Abu na farko da ɗalibi zai lura da shi shi ne Elkanemi bai ɓata lokaci wajen musanta duk abin da aka zargi mutanen Barno da shi ba. An ce akwai cin hanci, da cin dukiyar marayu, da zalunci a wajen shari'a, da fitar mata ba lulluɓi, da wasu al'adu na sarakuna. Bai ce babu su ba. Sai ya bar shaidar a inda take, ya kai hannu ga mahaɗi: shin aikata waɗannan abubuwa yana fitar da mutum daga addini, ko kuwa saɓo ne wanda mai yinsa yana nan a Musulminsa? Mutanen nan, in ji shi, suna salla, suna azumi, suna ba da zakka, suna gina masallatai. Daga nan sai ya ja mahaɗin abokan muhawararsa har ƙarshensa don a ga inda zai kai: in saɓo irin wannan ya isa a kafirta ƙasa, to Masar da Sham da sauran manyan ƙasashen Musulmi ma ba su tsira ba, alhali malamansu ba su yanke musu wannan hukunci ba. Wannan dabara ce da ta kamata ɗalibi ya riƙe, wato ka karɓi ƙa'idar abokin hamayyarka na ɗan lokaci, ka bi ta har ta kai ka inda shi kansa ba zai yarda ya je ba.

Ta fuskar mutunci kuma, Elkanemi bai zagi Shehu Usmanu ba. Ya nuna ya ji labarin kyawawan halayensa, ya kuma ga rubuce-rubucensa, sa'an nan ya ce abin da mabiya ke aikatawa a Barno ya saɓa wa abin da ke cikin rubuce-rubucen. Ta haka ya fito a matsayin malami mai neman gaskiya, ya kuma mai da littattafan ɗaya ɓangaren shaidu a gare shi.

Bello kuwa bai tsaya inda aka ja shi ba. Ya amince cewa saɓo kaɗai ba ya kafirtawa, wanda ke nufin ya ƙi karɓar mahaɗin da aka jingina masa. Sai ya kawo wani: cewa sarakunan Barno sun mara wa sarakunan Hausa baya a kan jama'ar Shehu, kuma taimakon abokan gaba a kan Musulmi hukuncinsa daban ne, sa'an nan wasu daga cikin al'adun da ake magana, irin su yanka ga duwatsu da itatuwa, a ganinsa sun wuce matsayin saɓo. Mai karatu zai ga ke nan cewa rigimar duka ba a kan me ya faru take ba, a kan wace ƙa'ida ce za a auna abin da ya faru da ita.

Akwai wani abu guda da ya fi duk waɗannan muhimmanci ga ɗan sakandare, kuma sau da yawa ana wuce shi ba a lura ba. Mun san hujjojin Elkanemi dalla-dalla ne saboda abokin muhawararsa ya kwafe wasiƙarsa ya sa a cikin littafinsa kafin ya ba da amsa. Bai rage mata ƙarfi don ta yi sauƙin kayarwa ba. Ɗalibin da ya fahimci wannan ba zai sake rubuta, “Wasu jahilai suna cewa,” ya kawo maganar da babu mai hankalin da ya taɓa faɗinta, ya kayar da ita, ya ce ya ci nasara ba.

Karin magana ba shaida ba ce

Yanzu sai mu koma aji. Ga irin sakin layin da duk wanda ya taɓa duba takardun ɗalibai ya saba gani, a kan batun ko ya kamata matasa su bar ƙauye su tafi birni:

“Haƙiƙa ko shakka babu zaman ƙauye ya fi na birni nesa ba kusa ba. Masu iya magana suna cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka kuma sun ce kyan tafiya dawowa. Saboda haka duk mai hankali ya san ƙauye ya fi, domin gani ya kori ji.”

Hausar ba ta da aibi, kuma da yawa daga cikin malamai za su ba shi maki mai kyau saboda karin magana uku a layi huɗu. Amma in aka feɗe shi, me za a samu? Da'awa ce aka faɗa sau biyu, a farko da ƙarshe, tsakaninsu babu shaida ko ɗaya. “Haƙiƙa ko shakka babu” rantsuwa ce da aka sake wa riga. “Duk mai hankali ya san” kuwa barazana ce, ma'anarta in ka musa ba ka da hankali. Shi kuwa karin magana, abin da ya sa ba zai zama shaida ba shi ne kusan kowanne yana da kishiya. Yaron da ke ɗaya ɓangaren zai miƙe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wanda ya ce sauri ya haifi nawa, za a ce masa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. An yi kunnen doki ke nan, ba wanda ya matsa ko taki ɗaya.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙyamar karin magana. Ina ganin ma matsayinsa ya fi wanda muke ba shi. Idan aka duba da kyau, karin magana mahaɗi ne: ƙa'ida ce ta gaba ɗaya da al'umma ta yarda da ita a wasu halaye. Dattijon da ya iya amfani da shi ba ya jefa shi sai ya gama zayyana abin da ya faru, har kowa ya ga cewa wannan hali shi ne irin wanda karin maganar ke nufi. Ɗalibi kuwa yakan ɗauko mahaɗin ya ajiye, babu abin da ya haɗa. Kamar mutum ne ya zo da igiya mai kyau, ba guga, ba rijiya.

Ga yadda za a iya sake gina sakin layin, a kan matsayin nan dai:

“Saurayin da ke da gonar gado yana da dalilin da zai sa ya yi tunani sau biyu kafin ya koma birni. A ƙauye ba ya biyan kuɗin haya, hatsin da zai ci kuma daga rumbunsa yake fitowa. A birni kuwa ɗaki da abinci da ruwa da abin hawa duk sai da kuɗi, kuma wanda ya zo ba sana'a a hannu, aikin da ya fi samu shi ne na ƙarfi, irin wanda yau akwai gobe babu. Kuɗin da ya fi yawa a hannu ba shi ne riba ba, riba ita ce abin da ya saura bayan an biya buƙata. Gaskiya ne akwai ƙauyukan da ba asibiti ba makarantar kirki, kuma wanda ya tafi saboda waɗannan ba a ce ya yi wauta ba. Amma wanda ya sayar da gona don ya yi kuɗin mota, in birnin ya ƙi shi, ina zai koma? Irin wannan ne ake ce wa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.”

A lura da abin da ya sauya. Da'awar ta ragu: ba a ce ƙauye ya fi birni ga kowa da kowa ba, an ce ga saurayi mai gona, kuma ƙaramar da'awa ta fi sauƙin karewa. An kawo shaidar da mai karatu zai iya aunawa da abin da ya sani. An fito da mahaɗi fili, wato ma'anar riba. An ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa. Tambayar da ke kusa da ƙarshe ta taɓa zuciya, amma bayan hujja ta riga ta share mata hanya. Karin magana ɗaya tak ya rage, ya kuma zo a inda yake da aikin yi.

A cikin aji

Abin da nake ba da shawara shi ne a jinkirta rubutu. Kafin a ce wa yara su rubuta insha'in muhawara ko ɗaya, a yi mako biyu ko uku ana feɗe na wasu. Kayan aiki ba su da wuyar samu: sharhin edita da wasiƙun masu karatu a jaridun Hausa, tun daga tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, har zuwa na yau; tallan magani a rediyo; jawabin ɗan takara lokacin zaɓe. Tallan mai maganin gargajiya a tasha ma darasi ne cikakke, domin da wuya a sami inda ake gina mutunci da taɓa zuciya da gwaninta irin tasa, a kan shaidar da ba ta taka kara ta karya ba. A kowane yaro ya ja layi ƙarƙashin da'awa, ya zagaye shaida, sa'an nan ya rubuta da kalmominsa mahaɗin da marubucin bai faɗa ba. Na ƙarshen nan shi ne mai wuya, kuma a nan ne aji ke yin zafi, don yara sukan gano cewa maganar da suka yarda da ita tun farko tana tsaye ne a kan ƙa'idar da ba za su iya karewa ba.

Idan aka zo rubutu, akwai wata dabara mai sauƙi. A sa kowane ɗalibi ya fara rubuta sakin layi ɗaya yana kare ɓangaren da bai yarda da shi ba, ya miƙa wa wanda ke wancan ɓangaren ya duba. In wancan ya ce, “I, abin da nake nufi ke nan,” sai a ba shi izni ya ci gaba da nasa. In ya ce an yi masa ƙage, sai a koma.

Kalmomin haɗi ma suna buƙatar darasi nasu na musamman. “Saboda haka” da “domin” da “ke nan” alkawari ne marubuci ke yi cewa abin da ke tafe ya fito daga abin da ya wuce. Yara kuwa sun ɗauke su kamar “bugu da ƙari” da “daɗin daɗawa”, wato abin cika layi. Malam zai iya ɗaukar takardar yaro, duk inda ya ga “saboda haka” ya tsaya ya tambaye shi, “Saboda me?” In yaron ya nuna jimlar da ta amsa, to, in ya yi shiru, an gano ramin.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi mu da ke shirin zama malamai fiye da yaran. Ɗalibi yana rubuta abin da ya ga ana saka masa a kai ne. Muddin jan alƙalaminmu yana yin kyakkyawar alama a gefen kowane karin magana, yana wuce sakin layin da ya kawo shaida ba ko tari, to yara za su ci gaba da tara mana karin magana, kuma ba su yi laifi ba. Tun da ana ware maki don ƙa'idojin rubutu da tsari da sarrafa harshe, ya kamata a cikin makin da ake bai wa ƙunshiya malam ya ware wani kaso a fili, ya kuma sanar da yara tun kafin su fara, cewa wannan na shaida ne, wannan kuma na wanda ya kawo hujjar abokin hamayyarsa yadda mai ita zai yarda da ita.